Wata uku ina zuwa lesin ɗin gyaran Turanci a Unguwan Sarki, ga abin da na gani

Tun ranar da na yi suɓutar baki na ce ina zuwa lesin ɗin Turanci da yamma, mutane suka sa ni gaba da tambaya. Wani ya ce nawa ake biya, wani ya ce ba na yara ba ne, wata 'yar uwata kuma dariya ta yi ta ce kai da ka yi HND har kana aikin ofis me ya rage a koya maka. To bari dai in zauna in zayyana komai sau ɗaya in huta, mai daɗin da mara daɗin. Sunan wajen da na malamar ba zan saka ba, ban nemi izininta ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba lalle su yi mata daɗi ba.

Ni akawu ne a wani kamfanin rarraba kaya a Kakuri, nan Kaduna. Ina da kiredit a Turancin WAEC, na ci JAMB da Turancinta na dole, in ana hira da Turanci ba a barina a baya. Matsalata rubutu ne, kuma wallahi ban san ina da ita ba sai da aka fara sa ni tura imel zuwa hedkwatarmu a Legas. Ga wanda ya tona min asiri, har yanzu yana cikin wayata ban goge ba:

"With due respect and humble submission, I am hereby writing to inform you that the goods which you sent them last week they are not complete, and although we have complained severally but nobody is answering us."

Ni a lokacin gani nake na zuba Turanci. Oga ya kira ni ofishinsa ya juyo min da kwamfutarsa ya ce, Malam wa ka rubuta wa wannan, Sarkin Zazzau? Mutanen Legas kuma layi ɗaya suka maido, wai kwali nawa ne ba su zo ba. Duk dogon surutun da na yi ban faɗi abu ɗaya tak da suke buƙata ba.

Kafin lesin sai da na bi ta hanyar da kowa ke bi yanzu, wato manhajar waya. Ai kun san su, Grammarly tun 2009 take, ChatGPT kuma tun da ya fito a ƙarshen 2022 kowa ya zama Bature a rubuce. Ni wata daban na yi amfani da ita, ba sai na kama suna ba, kuma tsakani da Allah ta taimake ni, ka zuba mata karyayyen Turanci ta miƙo maka a goge tas. Amma abu biyu suka dame ni. Na farko kamar mai shan fanadol ne a kan zazzaɓin cizon sauro, yau ta gyara min, gobe in sake tafka kuskuren jiya sak, don ba ta taɓa gaya min daga ina yake fitowa ba, ko kuma ta faɗa da Turancin da ya fi nawa wuya. Na biyu shi ne ranar da wani kwastoma ya ce min "ina zuwa" ya fita abinsa, ni kuma na rubuta wa oga "the customer said he is coming", manhaja ta gyara min zuwa cewa kwastoma yana kan hanya ya kusa isowa. Oga ya fasa fita ya zauna jiran mutumin da ya riga ya kai Sabon Tasha. Ba laifinta ba ne, abin da na ba ta shi ta gyara, ina za ta san cewa Bahaushe in zai tafi cewa yake yana zuwa.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin malamar. Dattijuwa ce, ta yi shekaru tana koyar da Turanci a sakandaren gwamnati kafin ta yi ritaya, kuma Bahaushiya ce, wannan shi ne gishirin maganar. Ajin wata makarantar firamare mai zaman kanta take ara bayan an tashi yara. Talata da Alhamis ƙarfe 4:30 zuwa 6, Asabar kuma 10 na safe zuwa azahar. Kuɗi naira dubu 15 a wata, da dubu 3 na fom da takardun da take rabawa, sau ɗaya ake biyan wannan. Kowa Mama yake ce mata, ita kuma maza ta ce "ɗana", mata ta ce "'yata", sai dai in ka ɓata mata rai, a nan za ka ji ta kira ka da sana'arka, ni "malam akawu" nake komawa.

Ranar farko ba ta koyar da komai ba. Ta raba mana farar takarda ta ce kowa ya rubuta layi goma a kan abin da ya yi jiya. Da ta karɓi tawa sai ta gyara tabarau ta fara karantawa da ƙarfi, amma da Hausa. Tana kallon Turancina tana fitar da Hausa kalma bayan kalma ba ko tuntuɓe, kamar da Hausar na rubuta. Ta ajiye ta ce, ɗana ka ga yadda ta tafi sumul? To wannan ba Turanci ka rubuta ba, Hausa ce ka sa mata kwat. Aji ya kwashe da dariya, ni kuma na ji kamar in nutse a bencin.

Tsarinta ke nan gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Duk jimlar da ka rubuta ta yi wani banbaraƙwai, ba za ta ce maka kuskure ne kawai ta wuce ba, sai ta sa ka rubuta Hausar da ke cikin kanka a ƙarƙashinta. Da ka jera su biyun sai ka ga ɓarawon da idonka.

Ɗauki imel ɗina na sama. "The goods which you sent them", me ya kawo "them" a wajen? Saboda da Hausa cewa muke "kayan da kuka aiko da su", "mutumin da na gan shi", wannan "su" da "shi" ɗin halal ne a Hausa, amma Turanci ba ya so, da ka ce "which" ko "that" an gama, ba a sake maimaita mai shi. "The goods they are not complete", daga "kayan ba su cika ba", don mu dole ne bayan suna a kawo wakilinsa, Audu ya zo, yara sun tafi, ba ka cewa Audu zo. Shi ya sa za ka ji yaro ya ce "my father he is a driver". Sai uwa uba "although" da "but" a jimla ɗaya. Ko da yake mun yi ƙorafi amma ba a amsa ba, lafiyayyiyar Hausa ce. A Turanci ɗaya za ka zaɓa, ko na farkon ko na biyun, Mama cewa take kishiyoyi ne ba sa kwana ɗaki ɗaya. Shekara nawa ina wannan kuskuren, malamai nawa suka ja min jan biro a kai tun daga firamare, ba wanda ya taɓa ce min daga "ko da yake... amma" na kwaso shi. Ranar da na gane, ban sake yi ba ko sau ɗaya.

Akwai wani babban littafi da ta sa muka saya, irin mai layi ɗin nan na 'yan makaranta, kowane shafi a raba shi uku: abin da na rubuta, Hausar da ke ƙasansa, yadda ya kamata. Nawa ya kusa cika. Kalmar "ji" kaɗai ta cinye min shafi biyu, don mu da ita muke jin magana, mu ji yunwa, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Turanci, shi kuma Bature kowanne da kalmarsa, shi ya sa ake samun "I am hearing smell". Haka "sha", mu sha ruwa mu sha magani mu sha rake mu sha wahala, sai ka ga an rubuta "drink your tablets" alhali "take" ake cewa. "Borrow me your biro" daga "ara min", saboda mu da aro da bayar da aro duk saiwa ɗaya ce, su kuma "borrow" na mai karɓa ne "lend" na mai bayarwa. "He is tall than me" daga "ya fi ni tsawo". "I use to go there every Friday" daga "nakan je", alhali in ka ce "used to" a Turanci ka nuna da can ne kake yi yanzu ka daina. Wannan na ƙarshen ya ba ni kunya sosai, don na tuna na taɓa rubutawa a takardar neman aiki cewa "I used to pray five times daily" ina nufin in nuna ni mutumin kirki ne. Ashe shelar barin sallah na yi, a'uzu billahi.

Amma darasin da ya fi tsaya min a rai ba nawa ba ne. Akwai wata nas a ajinmu da ke shirin jarrabawar IELTS, wato ta gwajin iya Turanci, tana son tafiya aiki Ingila, kuma hukumar nas-nas ta can maki 7 take nema a sauran ɓangarori, rubutu kuma aƙalla 6.5, rubutun ne ya kayar da ita a karon farko. Wata Alhamis Mama ta tsaya a gabanta ta ce, 'yata a ce ni likita ce a can, na tambaye ki, "Didn't you give him the injection?", ke kuma ba ki yi masa allurar ba, me za ki ce? Ta ce "Yes." Mama ta ce yes me? Ta ce, e ban yi ba mana. Mama ta kama haɓa ta ce to kin kashe mara lafiya, don likitan ya ji kin ce kin yi. Mu in aka ce "ba ka je ba?" ka ce "e", ka gaskata mai tambaya ne, wato ba ka je ɗin ba. Bature kuma amsarsa tana bin aikin ne ba mai tambaya ba, in ba ka yi ba "no" ne ko ta yaya aka juya tambayar. Aji ya yi tsit, ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Muka yi kusan minti ashirin tana jefa mana irin waɗannan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar ana haddar karatun allo, kuma ko a zagaye na uku akwai masu faɗawa ramin, har da ni.

Ɓangare na biyu na koyarwarta shi ne yankan jimla. Ta ce ciwon 'yan ofis ba rashin Turanci ba ne, yawansa ne. Jimla kamar keke napep ce, mutum uku a baya, in ka ɗora bakwai da buhun masara za ta tafi amma a kwana za ta kife. Mu Hausawa mun saba da "sai... sai... sannan sai", labari ya yi ta tafiya ba aya, kuma a bakinmu daɗi yake yi, kun ga ai ni ma a nan haka nake ta zubawa ba wanda ya hana ni. Amma in ka kwashe shi ka mayar "and... and... and then" sai ya zama kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Dokarta ita ce ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya ƙare kafin ka kai aya to a nan ya kamata ayar ta kasance. Kuma abin da kake so a yi maka shi za ka fara faɗa, ba sai ka gama gaisuwa da kirari ba. A nan ne ta yi wa "with due respect and humble submission" wankin babban bargo, ta ce wanda zai karanta imel ɗinka yana da wasu hamsin a gabansa, ladabin da za ka yi masa shi ne kar ka ci masa lokaci. Ta kuma hana mu abin da take kira Turancin burga, wato ka bar "we paid" ka rubuta "we effected the payment of", ka bar "use" ka ɗauko "utilize" don a ce ka yi boko. Sai su "informations", "equipments", "advices", "furnitures" da ba sa ɗaukar jam'i, da "discuss about" da "return back", waɗannan kam ba daga Hausa muka samo su ba, gadon Najeriya ne gaba ɗaya, na Legas ma suna yi.

Wata Asabar ta zo da 'yar sifika ta kunna mana muryar Sir Abubakar Tafawa Balewa, jawabinsa na ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960. Ta ce ku saurara, wannan mutumin Bauchi ne, malamin makaranta, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, wadda daga baya aka dawo da ita nan Kaduna a 1938 kafin a kai ta Zariya ta zama Barewa. Da Hausa ya tashi kamar ku, amma har laƙabin mai muryar zinare aka yi masa. Ba ta ce mu kwaikwayi muryarsa ba, cewa ta yi mu lura da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Ban sani ba ko wannan ya gyara wa wani rubutu, amma na ga wani dattijo ɗan kasuwar Gumi da ke zama a bayana yana gyaɗa kai har aka gama, shi da kullum ƙorafinsa wai harshensa ya riga ya bushe ba zai tanƙwaru ba.

Inda muka saɓa da Mama shi ne maganar Turancin Najeriya. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancinmu, irin su okada, danfo, "next tomorrow", "barbing salon", har da Kannywood, daga baya ma aka ƙara su japa da suya. To a cikin na 2020 ɗin akwai "severally" da ma'anar sau da yawa, daidai yadda na yi amfani da ita a imel ɗin da ta yi wa kaca-kaca. Ranar da na gano haka da rawar jiki na je aji, na ɗaga hannu na nuna mata a waya, na ce Mama ga shi Turawan da kansu sun yarda. Ta karɓa ta duba ta miƙo min ta ce, malam akawu, ƙamus ya shaida cewa 'yan Najeriya suna faɗa, bai yi maka alkawarin wanda ke Landan zai gane ba. Sannan ta ce kai da kake aikin kuɗi ba ka taɓa ganin "jointly and severally" a takardar lamuni ba? Na ce na gani. Ta ce a can me take nufi? Dole na amsa, kowa a kan kansa, daban-daban. Ta ce to ka ga kalma ɗaya ma'ana biyu, ka san wa kake rubuta wa kafin ka zaɓa. Ta kayar da ni a wannan, na yarda. Amma har gobe ina ganin tana wuce gona da iri wani lokacin. Mutumin da duk rubutunsa tsakanin Kaduna da Kano da Legas yake, in ya ce wa ma'aikaci "well done" da nufin sannu da aiki, ko ya ce "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe da nufin sannu, kowa ya gane, kuma ni ban ga abin ja da jan biro a nan ba. Ita nas mai tafiya Ingila dole ta bari, ɗan kasuwar Gumi kuma me ya dame shi. Mama ba ta cika raba mu ba, awo ɗaya take yi wa kowa.

Yanzu bari in zo kan abubuwan da ba su yi min ba, kuma suna da ɗan yawa.

Da na fara mu 12 ne, kowa ana duba takardarsa a gabansa. Kafin wata na uku mun haura 30 a aji ɗaya, don labari ya bazu kuma ba ta iya cewa a'a. Bencinan na 'yan firamare ne, ƙato da kai ka dunƙule gwiwa tana taɓa haɓa, in NEPA ta ɗauke wuta kuma ba inji, fanka ta tsaya, lokacin zafin nan na Maris sai ka ga takarda tana jiƙewa a hannunka. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce da aka yi yawa sai duba aiki ya gagare ta, aikin gida da ake dawo mana da shi bayan kwana biyu ya koma sai ya yi kwana goma, ka ma manta abin da kake tunani lokacin da ka rubuta. Sai ta ɗauko wani matashi yana taya ta dubawa. Yaron kirki ne, ba ruwansa, amma shi jan layi kawai yake yi ya rubuta daidai a sama, wato abin da manhaja ke min kyauta, ba ya nuna maka Hausar da ke ƙasa. Sau ɗaya ma ya soke min jimlar da take daidai, na rubuta "the staff are waiting" ya mayar min "staffs". Da na nuna wa Mama ta gyara ta ba ni haƙuri, amma na yi ta tunanin waɗanda ba su da ƙarfin halin kai ƙara, sun tafi gida da kuskure da sa hannun malami a kai.

Guruf ɗin WhatsApp da aka buɗe don tura jimloli a gyara, sati biyu ya yi yana aikinsa. Daga nan ya zama kasuwa, mai tallan atamfa, mai neman 'yan adashe, mai turo saƙon tura wa mutum goma, barka da Juma'a da fulawoyi tun daga daren Alhamis. Ka tura tambayarka ta nutse. Ba admin mai tsawatarwa, Mama kuma ba ta cika buɗe data ba sai dare.

Sai zafinta. Ni fatata ta yi kauri, oga ya riga ya gasa ni, amma karanta kuskuren mutum a bainar jama'a ba kowa ke ɗauka ba. Akwai wata baiwar Allah matar aure, daga Rigasa take tahowa, mota biyu take hawa, ta yi shekaru da barin makaranta ta yi ƙoƙari ta dawo. Ranar da aka karanta tata takardar aka yi dariya, na ga ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, Talatar da ta biyo baya ba ta zo ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Na tabbata Mama ba da mugunta take yi ba, irin tarbiyyar malaman da ce, amma manya ne a gabanta masu 'ya'ya, ba 'yan aji uku ba. Da za ta riƙa rufe sunan mai takarda kafin ta karanta da ba a yi wannan asarar ba. Na faɗa mata a gefe cikin ladabi, ta ce ta ji, ta yi sati ɗaya tana rufewa ta koma gidan jiya.

Wanda yake neman gyaran lafazi kuma, irin matsalarmu ta "p" da "f" da ake mana tsiya a kai, ba nan zai zo ba, ba ta taɓa wannan sai jefi-jefi. Rubutu ne zalla. In ka yi fashi ba a rage maka kuɗi ba a maimaita maka darasi. Ni daga Kakuri nake tasowa ƙarfe 4, in na ci karo da cunkoson gada da na shataletalen sitadiyam sai in isa biyar saura, kusan rabin awa ta tafi, don haka ranakun Asabar ne kawai nake cin moriyar kuɗina cikakke. Wanda ke Malali ko Badarawa ko Unguwan Dosa shi kam ya huta.

To wa zan ce ya je? Wanda ya riga yana da Turancin a baki amma in ya rubuta sai a ce "me kake nufi", ma'aikaci, ɗalibin KASU, wato jami'ar jihar Kaduna, ko Poly mai rubuta furojet, mai shirin IELTS da ke fama da rubutun kalma 250 ɗin nan na kashi na biyu. Wanda bai iya haɗa jimla ba sam zai sha wuya, don ba daga baƙi da wasali take farawa ba. Wanda kuma ba ya jin Hausa sosai, akwai biyu a ajinmu 'yan Barnawa, suna ƙaruwa amma rabin daɗin yana wuce su, sai an riƙa yi musu bayani. In maki zan bayar, koyarwar Mama ita kanta tara cikin goma, tsarin wajen kuma huɗu, ku haɗa ku raba da kanku.

Manhajar ban goge ta ba fa, har yanzu ina amfani da ita, sai dai yanzu ni nake fara gyarawa da kaina sannan in ba ta ta duba min harafin da ya faɗi, kuma in ta canja min ma'ana ina ganewa. Satin da ya wuce aka sake aiko mana kaya ba su cika ba, ga abin da na tura Legas: "We received 46 cartons instead of 50. Please send the remaining four before Friday." Layi biyu. Kafin la'asar aka amsa, ranar Alhamis kwalaye huɗu suka iso. Oga bai ce komai ba, wanda a wajensa yabo ne.

Sabon zango zai fara bayan sallah. Na tura mata saƙo da Turanci na ce ina so in koma amma Asabar kawai, ko za ta rage min kuɗin tunda kwana ɗaya ne a sati, kuma in da hali ita za ta riƙa duba min aiki ba yaron ba. Da daddare amsa ta shigo. Saƙona ne ta dawo min da shi, ta gyara wuri biyu, ta ce in rubuto Hausar da ke ƙasan na biyun. Maganar ragin kuɗi kuma ko kalma ɗaya ba ta ce ba.